A Duba Kunnen Jariri Ranar Rigakafi, A Daina Jira Sai Ya Yi Magana

Asabar ɗin da ta wuce na je suna a Ɗorayi. Tsakar gida ta cika da mata, ana rabon waina da zoɓo, ana ta shiga ɗaki yi wa maijego barka. A gefena wata yarinya ce zaune, da ƙyar in ta haura shekara 20, da ɗanta namiji a cinya. Sai na ji ta rage murya ta ce da wata dattijuwa, "Gwaggo, ni fa yaron nan tsoro yake ba ni. Ya shiga shekara ta uku ko Umma bai taɓa cewa ba. In na kira shi ta baya ma ba ya waiwayowa."

Gwaggon ko kallon yaron ba ta yi ba. "Ke dai akwai ki da neman magana. Nauyin baki ne. Ubansa ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe, yau wa ya kai shi surutu?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a karɓo masa rubutu, wata ta ce ai dama maza ba sa saurin magana kamar mata. Yarinyar ta yi murmushin yaƙe, ta ja bakinta ta yi shiru.

Dariyar nan ta ɓata mini rai, domin ni malamar firamare ce, kuma mu ake kawo wa irin waɗannan yaran bayan an gama jiran bakin ya buɗe bai buɗe ba.

Ra'ayina shi ne a riƙa gwada jin kowane jariri a Kano tun yana zanin goyo, kuma inda ya fi dacewa a yi gwajin shi ne layin rigakafi. In an gano matsala kuma, a fara koya masa harshe nan take: ta kunne da na'ura, ko ta ido da maganar hannu, ko duka biyun. Na san akwai masu ja, kuma wasunsu da hujjarsu.

"Ai yana ji"

Wannan ce amsar farko da uba zai ba ki. Ya tafa hannu yaro ya juyo. An buga ƙyaure ya razana. Faranti ya faɗi ya waiwaya. To ina kurumtar?

Yaron da ba ya ji idonsa ya fi na kowa aiki a gidan. Yana ganin inuwarki a bango, yana jin iskar tafin a ƙeyarsa, yana jin girgizar ƙyauren ta ƙasan da yake zaune. Yana lura da inda sauran yara suka kalla, shi ma ya kalla. In kin ce "zo ka ci abinci" da kwano a hannunki, kwanon ya gani. Shi ya sa iyaye masu lura ma suke shekara biyu ba su gane ba.

Kuma yawancin yaran nan ba su rasa ji gaba ɗaya ba. Akwai wanda zai ji ganga, ya ji janareta, ya ji ƙarar adaidaita sahu, amma siraran sautukan magana su wuce shi. "Sa" da "sha" da "tsa" duk ɗaya suke zuwar masa. Yana jin ana magana, bai san me ake cewa ba. Akwai kuma wanda kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki.

Kukan jariri da dariyarsa ma ba shaida ba ne. Jaririn da aka haifa kurma yana kuka, yana ɓangale baki, yana 'yan gunaguninsa na jarirai a watannin farko kamar kowa. Sai wajen wata 6 zuwa 9, lokacin da sa'anninsa suke ƙara gwaranci suna "ba-ba-ba" da "da-da-da", shi nasa ya fara ja baya. A ce yaron kirki ne, ba shi da rigima.

Ban ce babu nauyin baki ba. Akwai shi, na ga yaran da suka makara kuma suka zo suka ishi kowa. Amma mai nauyin baki yana fahimta. Ki juya masa baya, ba nuni ba komai, ki ce ya ɗauko takalminsa, zai ɗauko. In jariri ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, in ya kai wata 6 ba ya juyawa wajen murya, in ya shekara ba ya amsa sunansa, in ya shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, to maganar ta wuce hirar tsakar gida. In an je an gwada aka ce lafiyarsa ƙalau, kuɗin mota kawai aka yi asara. In kuwa aka zauna, kuma ashe ba ya ji, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe ne suke tafiya, wato ukun farko. Wanda ya yi shuka bayan damina ta ja baya zai iya samun wani abu, amma ba kamar wanda ya bi ruwan farko ba.

Gwajin da ba ya buƙatar yaro ya ce komai

Mutane da yawa sun ɗauka sai yaro ya yi wayon ɗaga hannu ake iya auna jinsa. Tuni aka wuce nan. Akwai wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu ɗaya, mai ɗan kai mai laushi da ake sa wa a bakin kunnen jariri. Tana aika ɗan sauti ciki, lafiyayyen kunne kuma yana mayar da amsa, na'urar ta kama. Jariri yana barci a jikin uwarsa ake yi, cikin 'yan mintuna. In bai wuce ba, a sake wani sati, domin ruwan haihuwa da ya maƙale a kunne ko hayaniyar ɗaki suna iya ɓata sakamakon. In ya sake faɗuwa, sai a tura shi gwaji na biyu, wanda ake manna wasu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne a ga yadda jijiya take kai sauti ƙwaƙwalwa.

A Amurka da Ingila kusan kowane jariri ana yi masa wannan a kwanakinsa na farko. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka shimfiɗa ita ce a tantance kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A irin waɗannan ƙasashe ana samun jariri 1 zuwa 3 cikin kowane 1,000. Ki duba yawan sunan da ake yi a garin nan kowace safiya, ki kuma ƙara da cututtukan da su suka rabu da su mu ba mu rabu da su ba.

Sai dai in muka kwaso tsarinsu yadda yake, ba zai yi mana aiki ba. Su a asibiti suke haihuwa. Mu mafi yawan matanmu a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozoma ko uwar miji. In aka ajiye na'urar a ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano kawai, 'ya'yan waɗanda suka riga suka saba da asibiti za a gwada.

Inda matan suke fitowa shi ne rigakafi. Akwai allurar BCG ta farkon haihuwa, akwai ta sati 6, da ta sati 10, da ta sati 14. Ta sati 6 ɗin ma ta zo daidai da gama arba'in, lokacin da maijego dama take fita. Wanda ya tsere a zuwan farko, a kama shi a na biyu. Ba kuma sabon tunani ba ne: wata likita a Legas, Bolajoko Olusanya, ta jarraba haka a wuraren allurar BCG tun wajen 2005, da ma'aikatan lafiya na unguwa waɗanda aka koya wa riƙe na'urar, kuma abin ya yiwu. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, ban ce a wayi gari an kai ko'ina ba. A fara da manyan wuraren rigakafi na cikin birni, Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa da Birni da Kewaye, sannan Kumbotso da Ungogo. A kuma ƙara layi ɗaya a katin rigakafi: an duba ji, ko ba a duba ba.

Na san abin da wasu mazan za su ce in sun ji kalmar gwaji, kuma ba zan raina tsoronsu ba. Garin nan bai manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Amma wannan ba allura a ciki, ba a ɗiga komai a baki, ba a ɗibar jini. Yaro yana hannun uwarsa, sakamakon yana fitowa a gabanta. A kira masu unguwanni da limamai su gani da idonsu kafin a fara, in da hali a fara da jikokinsu.

"Haka Allah ya yi shi"

Babu musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce mu nemi magani, kuma ban taɓa ganin wanda ɗansa ya karye ya ƙi kai shi wajen ɗori da sunan tawakkali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya suke da matsalar ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take. Sunayen abubuwan nan kuwa duk mun san su.

Sanƙarau na gaba. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji. Hukumar ta ce mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga irin sanƙarau mai tsanani yana iya fita da wata lalura mai ɗorewa, kurumta na cikinsu. Rigakafinsa yana nan, har ma Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da take kare nau'i 5 na ƙwayar cutar, a 2024. Duk yaron da aka sallamo bayan sanƙarau ya kamata a auna jinsa cikin makonnin farko, domin can cikin kunnen yana iya daskarewa ya zama ƙashi, daga nan ko aiki ya yi wuya. Iyaye suna murnar yaro ya rayu, wa zai ga laifinsu, sai bayan watanni a lura ya daina amsa kira.

Sai ƙyanda da hangum. Allurar ƙyanda a wata 9 kyauta ce, amma ita ce wadda mata suka fi tsallakewa, saboda an daɗe da barin layin, yaro ya yi ƙwari, ana ganin an gama.

Shawarar jarirai ita ta fi ba ni takaici. Jariri ya yi kwana uku idonsa ya yi rawaya, a ce a shanya shi a hantsi, a ba shi ruwan gulukos, a jira a yi suna tukuna. Kayansa kuma an adana su da ƙwallayen kafur, wanda yake fasa jinin wasu jariran ya ƙara shawarar. In ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyar ji, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. Maganinta a asibiti sau da yawa kwanciya ce a ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Irin waɗannan jariran, da bakwaini, da wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, su gwaji na biyun nan suke buƙata kai tsaye, don na farkon yana iya wuce su.

Ga kuma kemis. Yaro ya yi zazzaɓi da gudawa, a ɗauke shi zuwa shagon bakin layi, a yi masa allurar jantamaisin safe da yamma ba awon nauyi ba lissafi. Magani ne mai amfani a hannun wanda ya san shi, yana ceton rai. Amma yana cikin magungunan da suke kashe ji in an wuce ƙima.

Kunne mai zubar da mugunya kuwa mun mayar da shi kamar majina. Ki shiga kowane aji ɗaya a makarantar gwamnati, za ki ga mai auduga a kunne, ƙuda yana binsa. Dodon kunnen ne ya huje. A gida a ɗiga man ja, ko ruwan tafarnuwa, ko nonon uwa, a sa tsinken ashana ko gashin kaza a ƙwaƙule. Ya bushe wata guda ya dawo. Shekara da shekaru ana haka ji yana raguwa, wani lokacin ma ciwon ya haura kai. Abin da ake buƙata a mafi yawan lokuta bai wuce a goge kunnen yadda ya dace, a ɗiga maganin da likita ya rubuta, a hana ruwa shiga wajen wanka ba.

Akwai wadda ba a son a taɓo, auren zumunci. Ni ba zan ce a daina ba, ni kaina a cikinsa aka haife ni. Amma wata kurumtar gado ce, tana ɓoye a jinin uwa da uba masu ji sarai, kuma ta fi fitowa in jinin ɗaya ne. Garin da ya karɓi gwajin sikila kafin aure, har gwamnati ta sa hannu a dokarsa a 2024, ba zai gagara karɓar wannan ba: in akwai kurma a dangi, kowane jariri aka haifa a auna shi, kada a jira.

"Da wanne za mu ji?"

Wani zai ce asibitin da babu gado, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga mata suna mutuwa wajen haihuwa, shi ne za a sayo na'urar kunne? Maganarsa tana da nauyi. Amma rabin abin da na lissafa a sama aikin da dama ana yi ne: rigakafi, awon ciki, kula da shawara, sa ido a kan masu kemis. Na'urar kuma sau ɗaya ake saye ta gwada dubban jarirai. Abin da ya fi ta tsada shi ne yaron da zai shekara 60 bai iya karanta sunansa ba alhali ƙwaƙwalwarsa garau take.

Inda na fi jin tsoro shi ne a sayo, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hoto, batir ya mutu a kulle a durowa. Ko a gaya wa uwa ɗanta bai wuce ba, a ce ta tafi babban asibiti, ta tafi ta tarar da layin wata uku. In ba a shirya inda za a tura su ba, gara kada a tayar wa mutane da hankali. Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano yana nan, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999 tana horar da ma'aikata. A ware rana guda a sati ta jariran da aka turo daga rigakafi.

To in an gano, sai me?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce, kuma a nan ne nake rabuwa da wasu likitocin ma.

Yaron da yake da sauran ji, na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne tana iya canza rayuwarsa, in an sa da wuri. Amma a gaya wa iyaye gaskiya. Tana da tsada. Ana saita ta ne daidai da awon kunnen yaron, don haka wadda aka saya a kasuwa ko aka aro ta kaka ba za ta yi ba, tana ma iya ƙara ɓarna. Robar da take shiga kunnen sai an riƙa canza ta saboda yaro yana girma. Batir yana ƙarewa, ƙurar hunturu da gumin bazara suna cinta. Kuma ba a sa ta yau yaro ya tashi da magana gobe, sai an zauna da shi ana yi masa hira fuska da fuska, wata da watanni. Ya kamata hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ta ɗauki na'urar yara da batirinta a cikin abin da take biya. Rabon da ake yi ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, a watse, ba ya kai yaro ko'ina.

Akwai kuma aikin dasa na'ura can cikin kunne ga wanda ji ya tafi gaba ɗaya. Yana aiki, amma miliyoyin naira ne, ga shekarun koyon magana a bayansa. Mai sayar da kayan miya a Rimi ba zai iya ba, kuma zalunci ne a bar shi yana ganin ɗansa ba shi da wata hanya sai wannan.

Hanyar tana nan a garin nan tun kafin a haife mu. Kuramen Kano suna da harshensu, maganar hannu. Da shi suke ciniki, da shi suke neman aure, da shi suke faɗa da sulhu da gulma. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da su a shekarun 1990, ta rubuta shi, ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. A makaranta kuma akwai wanda ya samo asali daga na Amurka, wanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke, ya shigo da shi lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Masana suna ta muhawara a kan wanne ya kamata a fifita. Ni dai a wurin jariri ɗan wata 8, kowanne aka samu a fara da shi.

Iyaye suna gudun sa saboda an ce in yaro ya saba da hannu ba zai yi magana ba. Binciken da aka yi bai nuna haka ba. Yaron da ya riga ya san abubuwa suna da suna, ya san tambaya da amsa, ya san jiya da gobe, shi ya fi saurin kama maganar baki in na'ura ta zo, shi ya fi saurin kama karatu. Abin da yake nakasa yaro shi ne ya shekara 7 ba shi da harshe ko ɗaya, sai nunin "zo", "ci", "bari". Gaskiyar abin da ke ƙasa kuma kunya ce. Ba a son a gan ka a titi kana wasa da hannu da ɗanka, a ce gidan wane akwai bebe.

Ki tsaya ki yi tunanin abin da rashin harshe yake nufi ga 'ya mace. Ba za ta iya cewa cikinta ne yake ciwo ba. Ba wanda ya yi mata bayanin al'ada kafin ta gan ta. In wani ya taɓa ta a soro, ba ta da hanyar faɗin waye, kuma masu wannan ta'asar sun san haka. Tana bin sahu a sallah tana kwaikwayon ruku'u, ba wanda ya taɓa gaya mata wa ake yi wa.

"A kai shi Tudun Maliki," in ji mutane, kamar an gama magana. Makarantar kuramen da ke can tana nan tun 1977, ta yaye mutane da yawa da suke riƙe da kansu yau, Allah ya saka wa malamanta. Amma makaranta sai yaro ya kai shekarun shiga, kuma ba za ta ɗauke duk jihar ba. Kafin nan a hannun wa yake? Mafi yawan yaran da aka haifa kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Uwa ce take buƙatar aji kafin ɗanta. Malaman kuma suna nan: manyan kurame mata da maza, waɗanda da yawansu ba su da aikin yi. A ɗauke su, a biya su, su zauna da iyaye sau ɗaya a sati a asibitin unguwa. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da zai iya tsara abin. Uwar da ta ga kurma magidanci da sana'arsa da 'ya'yansa ya zo yana koya mata, kukan da take yi da daddare zai ragu.

Uba ma ya koya. Na faɗa ne saboda na san wa za a bar wa.

Waɗanda suke zaune a ajinmu

Gwajin jarirai ba zai kama kowa ba, domin wasu daga baya abin yake samunsu. Suna nan a ajujuwanmu, a layin baya, cikin yara fiye da ɗari, taga a buɗe ga hayaniyar titi. Shi ne wanda kullum yake leƙen littafin na kusa da shi. Shi ne mai cewa "na'am?" sau uku. In ana shifta ya rubuta abin da ba a faɗa ba. A Islamiyya yana bin bakin 'yan aji a hadda, in an ware shi shi kaɗai ya kasa kawo aya. Sunansa daƙiƙi, ko mai taurin kai.

Wani abin da ya toshe masa kunne bai wuce dauɗar kunne da ta taru ta daskare ba, ko ƙwayar wake da ya tura tun bara, ko ruwa da ya kwanta a bayan dodon kunne bayan mura. Ma'aikacin lafiya da fitilar leƙa kunne zai gano wasu a minti biyu.

Mu kuma malamai muna ƙara wa wuta fetur da mari. Tafin hannun babba in ya rufe kunnen yaro, iskar da ya tura tana iya fasa dodon kunne. Yaro bai ji ba an mare shi, marin ya ƙara rage jin, gobe a sake marinsa. Iyaye ma haka a gida. Ban shiga gardamar bulala ba a nan, wannan wata rana ce, amma kai da kunne ba wurin duka ba ne.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su kuma su tanadi wanda ya san yadda zai koyar da su. Kafin wannan ya iso ajinmu, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Malama ta tsaya a bayan yaro kamar tsawon hannu, a toshe kunne ɗaya, ta raɗa lambobi ya maimaita, a juya ɗaya kunnen. Wanda ya kasa a rubuta wa iyayensa takarda. A dawo da shi layin gaba, ta ɓangaren kunnen da ya fi ji. A daina bayani ana fuskantar allo. A rubuta aikin gida maimakon a faɗe shi ana tashi.

Hedimasta ba ya buƙatar takarda daga hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, kafin ya hana mari a makarantarsa, ko ya ce duk yaron da za a maimaita wa aji sai an leƙa kunnensa tukuna.